Hannun Inna da Kakar Riɗi

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in yi ƙari a kan mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Idan na kuskure a wani wuri, Allah ya yafe mini, ku ma ku yafe.

Da kakar shekarar da na shiga aji uku ne, a farkon shekarun casa'in, lokacin da ake tare motoci ana sauke samari a kai su horon soja. Ƙannen Baba sun ɓuya, babu mai taya shi yankan riɗi a 'yar gonarmu ta bayan garin Doka, can yankin Gadarif, riɗi kuwa in ya nuna ba ya jira, fashewa yake yi ya zube. Shi ya sa Inna ta ɗauki lauje ta bi shi. Ni aka bar wa ƙanena a gindin bishiya, ina ba shi kunu, ina hana shi rarrafe a baƙar ƙasar nan da ke tsagewa idan ruwa ya ɗauke. Da hantsi ƙafar Inna ta zurma cikin tsaga, ta kife a kan laujen, ya yanke ta a wuyan hannun dama. Baba ya yage rawaninsa ya ɗaure, wani mai tarakta ya kai su asibiti aka ɗinke.

Raunin ya warke, tabon ma ɗan siriri ne, amma ciwon ya ƙi tafiya. Inna takan ce wuta ce ke bin hannun har kafaɗa. Bakin mayafinta kawai in ya goge wurin sai ta yi ƙara. Zafin kaskon kisra, siririyar wainar dawa da muke ci, ya gagare ta, taɓarya ta gagare ta, sai aikin ya dawo kaina. In na taso makaranta ina jiyo ƙawayena suna gaɗa a bayan danga, ni kuwa ina daka, ina tare mai jakin ruwa, ina wankin ƙanne. Wanzami ya yi mata ƙaho, aka yi sakiya, ta sha rubutu, duk babu sauƙi.

Da ta samu ciki sai ciwon ya kwanta. Ina tuna ranar da ta kira ni ƙarƙashin rumfa, ta kwantar da kaina a cinyarta ta yi mini kitso da hannu biyu, tana jan gashin tana dariya tana cewa kaina kamar sheƙar tsuntsu. Amma tana haihuwa, ba a yi arba'in ba wutar ta dawo. Goggo Hajara, yayar Baba, ta ce, "To ai kin ga maganinki da idonki. Haihuwa ce." Ba da mugunta ta faɗa ba, wallahi, abin da kowa ya gani ta faɗa. Haka aka yi ta yi: da ciki lafiya, an sauka ciwo. A haihuwar da Inna ta zubar da jini sosai, ungozomar asibiti ta ce mata, "Halas ya Hajja, ya isa haka, jikinki ya gaji, kada ki ƙara." Baba ya ce wa Inna, "Uwar Zainabu, ki ji maganar matar nan, aikin gida ga yara sun tasa." Inna ta ce, "Malam, ba aikin nake ji ba. Kai ba ka san wutar nan ba. Barci nake nema."

Cikin ƙarshe ya faɗo tsakiyar damina. Jini ya ɓalle, aka sa ta a lori za a kai ta Gadarif, lorin ya kafe a taɓo. Jaririyar ce kaɗai ta dawo mana da rai.

Yanzu a Gadarif nake aure, kwalta da asibiti duk kusa, har na wuce shekarun da Inna ta yi a duniya. Kwanaki na yi ƙarfin hali na ba wata likita labarin. Ta ce akwai wani sinadari, istirojin, da ke yawaita a jikin mai ciki, kuma ba ƙwan mace kaɗai ke yin sa ba, ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi ma suna yin nasu, har a jikin maza, musamman bayan rauni. Wani lokaci yana kwantar da zafi, wani lokaci yana tayar da shi, masana ba su gama ganewa ba. Ta kuma ce ba za ta rantse cewa shi ne ba, tunda ba ta ga Inna ba.

Ina tsoron ban riƙe bayanin daidai ba. Don haka nake roƙon duk mai ilimin wannan abu, ko macen da ciki ya taɓa kwantar mata da tsohon ciwo, a sanar da ni: akwai maganin da ke ba da irin wannan sauƙi ba sai an yi ciki ba? Kuma a waccan shekarar akwai shi? Ko amsar mai ɗaci ce, ina so in ji.