Amin ɗin da ya kuɓuce mini

Cikin duk ranakun da na yi a sashen binciken ƙwaƙwalwa, akwai wata Laraba ta tsakiyar damina da ta ƙi fita daga raina. Ku da kuka kama aiki bana kun sha jin ina cewa ku kula da bakinku a gaban marar lafiya, har wasunku na kirana Sista Kula-da-baki a bayan idona. Na sani, ni ba kurma ba ce. To ga inda abin ya samo asali.

Lokacin ina ma'aikaciyar jinya a ɗakin maza, aka ɗauke ni aka haɗa ni da Dakta Salamatu, ƙwararriya a kan ƙwaƙwalwa. Ita ba rubuta magani ne babban aikinta ba. Bincike take yi a kan yadda mutum yake ajiye abu a kansa da yadda yake rasa shi, ta rubuta abin da ta gano, a buga don sauran likitoci. Nawa aikin shi ne in karɓi marar lafiya, in auna shi, in yi masa gwajin da ta tsara da Hausa, ita tana gefe da bironta. Abin da take bin sawunsa a shekarun nan shi ne cewa tunawa iri biyu ce. Akwai wadda ka san ka sani, kamar abin da ka karya kumallo da shi. Akwai kuma wadda jiki yake riƙewa ba da saninka ba, kamar tuƙa keke. Ciwo yana iya cinye ta farkon ya bar ta biyun.

Cikin waɗanda muke gani akwai Malam Isiyaku, Bakatsine, tsohon direban ma'aikata da ke zaune a unguwar Badarawa. Wani zazzaɓi mai zafi ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ya tashi, amma tun daga nan kansa ya daina ɗaukar sabon abu. Tsohon kuwa duk yana nan, zai jero miki garuruwan da ke kan hanya daga tashar Kawo har Katsina bai tsallake ɗaya ba. Amma ki fita ki ɗebo ruwa ki dawo, sai ya gyara zama ya gaishe ki kamar baƙuwa. Kowace Laraba sai ya tambayi sunana. In ce Rabi, ya ce, "Sunan ƙanwata ke nan, marowaciya ce, Allah shi sa ba ki biyo ta ba." Sai ya yi dariya, dariyar nan dai, a daidai wurin nan. Da farko ina taya shi. Da aka kwana biyu sai na ji tsigar jikina tana tashi tun kafin ya ƙarasa.

Gwajin da muke yi masa mai sauƙin faɗi ne. Ana ba mutum takarda mai zanen tauraro, a kare hannunsa da allo, ya bi layin da fensir yana kallon hannun ta cikin madubi kawai. Ku gwada, za ku ji kunya. Malam Isiyaku ya fara da kwamacala kamar kowa, amma mako bayan mako hannun yana gyaruwa, har ya zama yana zagaye tauraron tsaf. Kowane zuwa kuma sai ya rantse bai taɓa ganin madubin ba. Ya dubi aikinsa ya ce, "Ikon Allah! Wa ya koya wa hannun nan?"

'Yarsa Nafisa, malamar makaranta, ita take kawo shi. Tun zuwan farko ta ja ni gefe ta faɗa mini cewa mahaifiyarsu ta rasu bayan ciwonsa. A kwanakin makoki sun gaya masa, ya zauna a tabarma cikin maza ana yi masa gaisuwa, ana addu'a yana amsawa, can sai ya juya ya tambayi na kusa da shi wa ya rasu. Duk faɗa sai ya yi kuka sabo fil. Da suka ga za su kashe shi da baƙin ciki, sai suka daidaita a kan cewa ta je gida Katsina biki. "Don Allah Sista," in ji Nafisa, "in ya tambaya, tana Katsina." Ƙa'idarmu ita ce ba ma buɗe wa marar lafiya abin da iyalinsa ba su yarda ba sai da shawarar likita. Ni kuma ƙarya tana yi mini nauyi, don haka in ya tambaye ni sai in ce ya tambayi Nafisa.

Ranar da nake ba ku labari an wuni ana ruwa. Aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ɗakin ya yi duhu-duhu, muka ja tebur zuwa bakin taga. A bakin ƙofa Malam Isiyaku ya tambayi Nafisa ina uwarta, ta ba shi amsar da ta saba, ta fita ta zauna a benci. Ya ɗauki fensir. Ina tsaye a bayansa, fuskarsa kawai nake gani a madubi. Yana cikin bin layin, da muryar hira, ba tare da ya ɗago ba, ya ce:

"In mai ɗakina, Allah shi jiƙanta, ta dawo daga Katsina, sai na nuna mata wannan."

Na ce, "Amin."

Wallahi ban yi niyya ba. Tun ina yarinya ba a taɓa yi wa mamaci addu'a a gabana na yi shiru ba, bakina ne ya yi abin da ya saba. Fensirin ya tsaya. Biron Dakta ma ya tsaya. Ba ka jin komai sai ruwa a kan kwano. Bai juyo ba, ta cikin madubin ya kafe ni da ido, kuma ban taɓa ganin ido irin wannan a fuskarsa ba. Na ji tsoro ƙwarai.

"Ɗiyata, mi na ce?"

Na kau da idona daga madubin.

"Na ji abin da na ce. Na kuma ji abin da kika ce. Ba a yi wa mai rai wannan addu'a." Ya kai hannu ya taɓa leɓensa a hankali, kamar na wani ne. "Wa ya koya wa bakin nan?"

Na dubi Dakta. A ƙa'ida ita ke da magana. Ta rufe bironta ta ce, "Sista Rabi, kira mana Nafisa." A waje na faɗa wa Nafisa abin da ya faru a taƙaice. Ta harare ni, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce mu ɗan ja shi da hira, yanzu zai manta. Gaskiya ta faɗa, da mun yi hakan da shi ke nan. Amma da ta shiga ta ga fuskarsa, sai ta durƙusa a gabansa.

"Nafisa, tsakaninki da Allah."

"Baba, Inna ta rasu."

Ya yi salati. Ya tambaya ko an yi mata sutura yadda ya kamata, ko ya je. Ta ce ya je, a sahun gaba ya tsaya. Ya yi kuka, irin kukan dattijo marar sauti, hawaye na bin gemu. Dakta ta matso ta yi masa bayanin ciwonsa a fili, ta ce nan da ɗan lokaci wannan ma zai fita daga kansa. Da ya gane, sai ya kama hannun 'yarsa da sauri, kamar mai gudun mota ta tashi ta bar shi.

"To ki ji tun ina nan. Kada a ƙara ce mini Katsina. Kun bar ni ina jiranta, ita kuma tana can tana jiran addu'ata. Ba sai kun tsare ni da labarin ba kullum. In na tambaya, ku ce in yi mata addu'a. In bakina ya yi, ku ce amin, kada ku gyara mini."

Ba a daɗe ba aka kira azahar daga masallacin asibiti. Ya saurara, fuskarsa ta saki. Ya shafa gemunsa, ya dubi jiƙaƙƙen tafinsa da mamaki, ya dube ni ya tambayi sunana.

Da suka tafi na tambayi Dakta ko za ta sa wannan cikin rubutunta, don hujja ce da ta fi ta tauraro. Ta ce kwanakin makokin nan ne suka koya wa bakinsa, ba ta shakka. Amma kafin a kafa hujja sai an maimaita gwaji, kuma ba za ta sa mutum ya yi ta rasa matarsa don ta cika takarda ba. Binciken ya fito da tauraro da madubi kaɗai. Ta kuma ja mini kunne a kan bakina, na karɓa.

Nafisa ta riƙe wasiyyar. Ta ce ba kullum abin yake zuwa da sauƙi ba, wata rana in aka ce ya yi mata addu'a sai ya gane ya yi hawaye, wata rana ya yi ya wuce. Amma ya daina zama a ƙofar gida yana duban hanya.

Abin da na koya ke nan, shi nake so ku riƙe. Mai ciwon mantuwa ba fanko ba ne. Akwai abin da ya sani wanda shi kansa bai san ya sani ba, kuma yana da hakki a kansa. Mu ma da muke ganin kanmu lafiyayyu, rabin abin da ke fita daga bakinmu ba mu muka aike shi ba.

Larabar da ta biyo ya zo, ya tambayi sunana, ya faɗi rowar ƙanwarsa, ya yi dariyarsa. Da ya zauna gaban madubi ya ce mai ɗakinsa, Allah shi jiƙanta, ta fi shi iya aikin hannu. Na ce amin, wannan karon da sanina. Ya dube ni ta madubin ya ɗan jima, ya gyaɗa kai, ya ɗauki fensir.