Furen da Inna ta mayar magani

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina koyarwa a Tambuwal, na ga wani ɗan icce a gidan abokina wanda ya kusa zauta ni. Bai fi tsawon ƙuguna ba, amma fure shuɗi ya lulluɓe shi kamar an watsa masa bula. Ban bar gidan ba sai da ya yanko mini reshe.

Ɗakin da nake haya ba fili, don haka ranar Juma'a na naɗe reshen a jiƙaƙƙen buhu, na hau babur zuwa gidanmu a Kebbe. Duk ramin da muka faɗa, sai in ce wa ɗan acaɓa ya tausaya wa kayana. Na dasa shi kusa da randa, na kewaye da ƙayar magarya saboda awaki.

Mahaifiyata ta tsaya a kaina. "Wanga icce, miya aka yi da shi?"

"A'a, Inna."

"Dabba ka cinai?"

"Na kallo ne kawai."

Ta dube ni, ta dubi iccen, ta yi salati ta shige ɗaki.

Ya kama, ya yi ganye, murna kamar ta kashe ni. Sai dai duk ƙarshen mako in na zo, ganyen ya ragu. Na ɗora wa jar akuyarmu laifi, har na ɗaure ta kwana biyu, baiwar Allah.

Wata Asabar ina zaune sai ga maƙwabciyarmu, tsohuwa, ta yi sallama. "Inna, a ƙara mini ganyen nan na Malam, tarin ya fara sauƙi."

Na tsare Inna da tambaya. Ashe matan unguwa sun ga ƙaya da ban ruwa safe da yamma, suka ce ba a yi wa iccen banza wannan hidima. Ita kuwa Inna kunya ta hana ta ce ɗanta mai ilimi na wahala a kan abin da ba a ci, sai ta ce musu magani ne. Ni ko sunan iccen ban sani ba, balle in san ko yana da guba.

Na ce dole a faɗa musu gaskiya. Inna ta ce, "Kai ka kawo abinka, kai za ka je." Haka na bi gida gida ina cewa, don Allah a daina sha, ado ne kawai. Wata ta yi dariya har da riƙe ciki. Allah ya taimaka ba wanda ya cutu, amma Inna ta yi wata guda ba ta ko kallon wajen randar, kuma hakan ya dame ni ƙwarai.

Da ruwa ya zauna, ina tsakiyar aji sai ga wayar Inna, ita da ba ta kira sai da dalili. "Kai, taho ka gani! Iccen naka ya haukace!"

Ban san yadda na iso Kebbe ba. Na tarar da tsakar gida cike da mata, iccen ya yi shuɗi shar, Inna na tsaye gabansa da kara a hannu tana cewa, "Da ido aka kallo, kar wadda ta taɓa!" Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Har yau in na tuna, daɗi nake ji. Na ɗauka mutanenmu ba ruwansu da abin ado, ashe dai ba a taɓa kawo musu ba ne.

Da na gina gidana a Tambuwal, na je da wuƙata zan yanki reshe ɗaya. Inna ta tare ni a bakin randa.

"Inna, ai ni na kawo shi."

"Awo, kai ka kawo. To koma inda ka samo, wanga nawa ne."