Mai Hoton Balbela

Misbahu tela ne a Kona, amma in ka tambayi mutanen gari, mai hoto za su ce maka, su bi da dariya. Sauran samari kansu suke ɗauka da waya, sun jingina da babur ɗin wani. Shi kuwa ya fi son ya kwanta rub da ciki a gona yana jiran fara ta hau zangarniyar hatsi. Mahaifinsa, Malam Na Allah, ya daɗe da gajiya da wannan shirme. Ya ce masa duk ranar da hoto ya jawo wa gidansu magana, ranar zai ajiye shi har abada.

Maganar kuwa ta zo da damina. Misbahu ya kamu da son balbela, ya riƙa bin garken wani makiyayi, Mutari, a burtalin da ya ratsa gonaki. A ƙasar nan, manomi ba ya ɗaga waya kan saniya da damina sai in shaidar ɓarna yake tarawa. Mutari ya ga Misbahu yana ɗaga waya kan shanunsa sau da yawa, hankalinsa ya tashi, ya kai ƙara wurin maigari.

Da hantsi aka kira Misbahu. Ya tafi, mahaifinsa na biye da shi.

“Ranka shi daɗe,” in ji Mutari, “shanuna ba su taɓa ko kara guda ba. Mi na yi ma wanga yaro da zai kai ni ga jandarma?”

Misbahu ya miƙa wa maigari wayarsa. Maigari ya duba, ya juya ta, ya sake dubawa. Ga ƙafar balbela a kan tozo, ga fiffike a buɗe, ga ido, amma saniya sukutum babu ko ɗaya, balle gona.

“Kai, ina shanun?” in ji maigari. “Ko kai ba ka iya hoton ba ne?”

Aka bushe da dariya. Mutari ya karɓi wayar, ya tsaya a kan wani hoto: tsuntsuwa fara fat, ta dafe a tsinin ƙaho, bayanta baƙin hadari. Ya daɗe yana kallo.

“Jar saniyata ce. Ƙahonta na hagu ne wanga.” Ya sauke ajiyar zuciya. “Na yi kwanaki ba ni cin abinci, ashe tsuntsu kake bi!”

Misbahu ya saci kallon mahaifinsa, don hukuncin da yake tsoro yana can. Tsohon ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa.

“Mutari, in za ka hita kiwo gobe ka biyo ta gida ka tahi da shi. Aƙalla shanu su san da zuwansa.”

Misbahu ya karɓi wayarsa, ya bi bayan mahaifinsa.