Atamfar Alhaji a Shagon Kawu Tanimu

Kawuna Tanimu tela ne a unguwar Zongo. Daga Tawa ya zo Yamai tun yana saurayi, da keken ɗinki ɗaya da ɗabi'a ɗaya: ba ya riƙe ragowar yadin mutum. Ko ƙyalle ne kamar tafin hannu, sai ya ɗaure shi a jikin ɗinkin ya mayar. Ya kan ce yadi na wanda ya shigo da shi ne, sai in shi ya ce ya bar maka.

A shekarar zaɓe, Alhaji Abdulhakim, mai neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, ya shigo da kansa, aka sauke dilolin atamfa masu hoton fuskarsa. Matan kasuwar Katako da masu sayar da katako ne suka haɗa kuɗin sayenta. Kawu bai ɗinka ko rabi ba aka ji a rediyo Alhaji ya janye daga takara. Wayarsa kuma a kashe.

Jibo, shugaban samarin jam'iyya, shi ya fara zuwa. Bai zauna ba.

"Tela, kayan jam'iyya ne. In zane ɗaya ya ɓace, a komisariya, gaban 'yan sanda, za ka yi bayani."

Washegari sai Hajiya Zalika, uwar ƙungiyar matan, wadda rabin ɗinkin shagon daga hannunta yake fitowa.

"Tanimu, gumin goshinmu ne a cikin zanen nan. Ka ba wa yaran can, ni da kai sai a lahira."

Ina zaune a lungu ina sa maɓalli. Da ta fita, ya juyo.

"Ɗiyata, ke da kika yi jami'a, me doka ta ce?"

Na ce masa ban taɓa karanta inda aka yi zancen atamfar wanda ya janye ba. Ya gyaɗa kai kawai.

Daga nan Kawu ya canza. Mota ta tsaya a ƙofa, sai ƙafarsa ta tsaya a kan keke. Ya kife dilolin don kada fuskar Alhaji ta riƙa kallonsa, duk da haka yana waiwayensu. Samarin Jibo suka soma shan shayi a tsallaken hanya, suna kallon shagon. Matarsa Hajara ta ce ya raba biyu ya huta. Ya ce mai rabon abin da ba nasa ba, ɓarawon mutum biyu ne.

Ranar da Jibo ya aiko cewa gobe zai zo da ɗan sanda, Kawu ya yi hayar amalanke, ya loda dilolin. Muka bi ta har gidan Alhaji a unguwar Gaweye, samarin suna biye da mu a kan babur. A saman kayan ya ɗora ƙullin ƙyallaye.

Maigadi ya ce Alhaji ya yi tafiya, shi kuma ba zai karɓi rigima ba. Kawu ya zauna a rana kusa da dilolin. Na tsaya bayansa, na kasa ɗaga ido. Har la'asar.

Sai mahaifiyar Alhaji ta fito da sanda. Ta dubi kayan, ta kwance ƙullin, ta ga guntun kunne da guntun hular ɗanta a jikin ƙyallaye.

"Har wannan ka kawo?"

"Nasa ne, Inna."

"To, na karɓa a madadinsa. Ku yaran babur, kun gani. Mai magana ya zo wurina."

Ɗan sanda bai zo ba. Hajiya Zalika ma ba ta sake zuwa ba, matanta suka kwashe ɗinkinsu. Sallar bara Kawu ya yi ta da facin wanduna. Har yau in mota ta tsaya a ƙofa, ina jin keken ya yi shiru.