Tabkin da Ya Rama wa Kakata

Ɗana da ke aiki a Italiya ya rubuto mini cewa ya ziyarci wani garin masunta a bakin teku, a ƙasar Kuroshiya. Ya ce girkinsu da gininsu rabi na Italiyawa ne, rabi na 'yan ƙasa, amma jirgi ɗaya suke shiga. Sau uku na karanta, a hankali, don bara na shiga ajin yaƙi da jahilci. Sai na tuna kakata Yagana.

A Gashua, bayan sallar isha, mukan zagaye murhun da take bandar kifi. Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wani gari ce a bakin tabki, mai unguwa biyu, kowace da yarenta da Sarkin Ruwanta. Sun kafa sanda a tsakiyar tabkin, ba mai tsallake ta.

Wata baƙuwa ta zo sayen kifi tare da ƙaninta. Ya hau gora ya shiga ruwa kamun kifi, goran ya fashe daidai gindin sandar. Ta ruga unguwar gabas, suka ce, "Ruwan yamma ne." Ta ruga yamma, suka ce, "Na gabas ne." Kafin sarakunan biyu su gama aika wa juna manzo, ruwa ya ci shi.

"Sai ta yi kuka, Kaka?" in ji mu.

"Kuka? Ku ji min 'yan banza! Tsugunnawa ta yi, ta ce wa tabkin: ka ci nawa, to ka hana su nasu."

Tabkin ya naɗe kamar tabarma ya tafi, ya bar jirage a kan yashi. Daidai nan Kaka kan juya kifi da ƙarfi har ya karye. "Ta ƙare. Wanda ya ji tausayinsu ba zai ci bandata ba."

Sai bayan rasuwarta baffana ya gaya mini cewa ita ce baƙuwar, ƙaninta ne aka bari ya nutse, ya faɗa mini sunansa, garin kuma yana nan ta wajen Nguru. Na je a babur. Ciyawar kacalla ta cinye ruwan, jirage sun ruɓe a cikinta. Wani tsoho tukuf ya kawo mini ruwa, ya ce, "Malam, lafiya dai?"

Na daɗe ina zaton darasin shi ne kada maƙwabta su raba tabki. A wurin na gane so Kaka take wani ya kai musu sunan mamacin. An san ni da haƙuri, malamai kuma sun ce yafiya ta fi, na yarda. Amma na faɗa masa sunan, na tsaya ina kallonsa har ya sunkuyar da kai. Ruwan nasa ban sha ba.