Malam Umaru Bai Yarda Da "Da Sauƙi" Ba

Ina alwalar la'asar ranar Talata Hadiza, 'yar Malam Umaru, ta kira ni daga Tambuwal. "Yaya Bashiru, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe tsugune da buta a hannu.

Malam Umaru ma'aikacin jinya ne a ɗakin tiyata na wani babban asibiti a Sakkwato, kuma a hannunsa na koyi aikin kashe zafi. Mutum ne mai faɗa, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fi tsana shi ne a tambayi majinyaci "ya jiki?" Yakan ce, "Mutanenmu ko ƙafa anka yanke musu, da sauƙi za su ce. Ka duba da idonka."

Na san gaskiyar wannan a kan mahaifina. Manomi ne a Fakku, ciwon baya ya durƙusar da shi har aka yi masa aiki a ƙasan gadon baya. Kafin aikin Malam ya zauna gefensa ya yi masa bayani: akwai magani mai ƙarfi da ake sawa cikin ƙarin ruwa, yana sa barci da jiri, akwai kuma allurar da ake yi a naman da ke kewaye da yankan, ta kashe wurin kawai. Baba ya ce, "Ban son abin da za ya gusam min da hankali, salla ta wuce ni, in yi sambatu gaban surukkaina." Malam ya yi dariya, ya gaya wa likita, aka yi masa allurar.

Washegari da hantsi na tambayi Baba jiki. Ya ce da sauƙi, har ƙafar ma ba ya jin ta. Na yi murna, na ɗauka allura ce ke aikinta. Da na gaya wa Malam, fuskarsa ta canza. Ya yaye mayafin ya ce, "Alhaji, motsa babban yatsa." Yatsa bai motsa ba. Ya sake cewa, ya tsikare shi da biro, shiru.

"Bashiru, allurag ga ba ta kai ga ƙafa. Kira likita, gudu!"

Jini ne ya taru yana danne jijiya, kuma kowace sa'a da ta wuce tana iya tafiya da ƙafar har abada. Malam da kansa ya tura gadon. Na tsaya bakin ƙofar tiyata, na san ni na kusa gurgunta ubana. Da Malam ya fito bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Gobe kai za ka duba yatsun kowa."

Ranar Laraba, washegarin rasuwar, mahaifina ya taso daga Fakku, ya kama makarar Malam, ya taka da ƙafafunsa har maƙabarta.

Abin da ke ci na shi ne, mako guda kafin rasuwar na kira Malam don na ji ba ya da lafiya. Na ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Na yarda, ban je ba.

Allah ya jiƙan Malam Umaru, ya yalwata kabarinsa, ya sauƙaƙa masa kamar yadda ya sauƙaƙa wa bayinsa. Allah ya ba matarsa Inna Hajara da Hadiza da ƙannenta haƙuri. Ni kuma Allah ya yafe mini rashin zuwan nan. Amin.