Karan da Bai Taɓa Kaiwa Gaɓa Ba

Ni dai tun da aka haife ni bakina bai taɓa zuwa hutu ba. Mahaifiyata takan ce ungozoma ba ta gama yanke cibiya ba na fara yi mata gardama. Yanzu ina koyarwa a wata jami'a a Lembah Pantai, can ƙasar masu jin Malayanci, ɗalibaina kuma sun san in na ce "a taƙaice", to gara su aika a sayo musu abincin rana, don ba yanzu za a tashi ba. Na faɗi haka ne don a san irin mutumin da aka kai wurin koyon harbi aka ce ya yi shiru.

Razali ne ya ja ni, abokin aikina da muke ofis ɗaya. "Dokta Sani, zo mana ran Asabar. Wurin zai dace da kai." Sai daga baya na gane abin da ya burge shi da wurin: ana raba abin toshe kunne a ƙofa.

Wani dogon ɗaki ne a bayan gari, mai sanyi kamar cikin firij. Mai koyarwar dattijo ne, kowa Pak Cik yake ce masa, wato kawu. Kafin ya bar ni na taɓa bindigar iskar sai da ya sa na maimaita dokoki kamar ɗan aji ɗaya: bakin bindiga ba ya kallon mutum, ko da kuwa babu komai a cikinta, yatsa ba ya zuwa kan kunama sai an shirya harbi. Ya ba ni gilashin kare ido, ya liƙa takarda mai zobba-zobba a nisan mita goma. Na harba sau goma. Biyu suka sami gefen takardar, sauran kuwa ina kyautata zaton an tsince su a Singafo.

Pak Cik ya dubi takardar, ya dube ni. "Hannunka lafiya lau, idonka ma. Bakinka ne. Kana harbi kana ba da labari." Ya ce in shaƙi numfashi, in saki rabi, in riƙe sauran, in bar komai ya kwanta, sannan in matsa kunama a hankali har harbin ya zo mini ba zato. "Boleh?" Wato zan iya? Na ce boleh.

Na shaƙa, na saki rabi, na riƙe. A cikin wannan ɗan shirun, wallahi, sai na ji ƙamshin karan dawa yana ci da wuta.

Kakata ta wajen uba, Iya Tabawa, ita ce mai tatsuniya a gidanmu, a wani ƙauye gabas da Kano. Da an idar da isha'i an kwashe tuwo, sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da murhu, mu jikoki mu kewaye ta, ƙafar wannan a kan cinyar wancan. Tana da nata salon buɗewa: "Ga baƙuwa a ƙofa, wa zai shigo da ita?" Mu ce, "Mu ne!" Ni kuwa sai na ƙara da, "In ta zo da tsaraba." Ta harare ni ta ce, "Wannan miji nawa, da surutu ake noma da mun fi kowa rumbu." Haka take kirana, mijinta, ni ma ina ce mata amarya, ina yi mata alkawarin haƙoran zinariya tun da nata sun ƙare.

Mahaifinta maharbi ne. Ba mu gan shi ba, amma kwarinsa yana rataye a ɗakinta, babu kibiya ko ɗaya a ciki. Daga wurinsa ta ce ta ji labarin bauna, wanda muka fi so, wanda kuma ni ne sanadin da ba mu taɓa jin ƙarshensa ba.

Wai a wani gari akwai tafki ɗaya tal, sai wata bauna ta riƙa zuwa kullum da yamma tana shanye shi har laka. Mata su zo da tuluna su koma da ƙura. Maharbin garin yana da kibiya uku. Ta farko ya harba da gaggawa, don 'yan mata suna kallonsa, ta tafi ta soki kuka. Ta biyu ya harba da fushi, don an yi masa waƙar habaici a kasuwa, ta faɗa ruwa. Saura ɗaya. Sai ya je ya kwanta a gindin kanya tun da rana, ya zauna yana lura, har ya gano sirrin: a kan ƙahon baunar akwai wani ɗan tsuntsu, shi ne kunnenta. Yana jin ƙiftawar ido. Yana jin tururuwa in ta yi tuntuɓe. Baunar ta iso, ta sunkuyar da kai, maharbi ya ɗana kibiyarsa ta ƙarshe, ya ja baka har kunne.

A daidai nan Iya takan tsaya. Sai ta zaro karan dawa, ta sa bakinsa a wuta, ta ɗaga mana shi. "Tsuntsun nan yana jin ku ku ma," in ji ta da raɗa. "Kowa ya kama bakinsa har wuta ta kai gaɓar nan. In ta kai, zan faɗa muku abin da kibiyar ta yi."

Tazarar ba ta fi tsawon yatsa ba. Amma a wurina tafiyar Makka ce a ƙasa. Sai in ga idanun yara goma sun fito waje, kumatu sun cika da iska, wani abu ya taso mini tun daga cibiya. Wata rana in yi kukan akuya. Wata rana in ce, "Maharbin nan fa ƙafarsa ta yi sanyi." Akwai daren da na sa hannu a hammata na fitar da ƙarar da har kaji suka farka. Yara su fashe da dariya, ni kuma in ji kamar an naɗa ni sarauta.

Iya ba ta faɗa. Sai ta tura karan cikin toka ta kashe shi. "Tsuntsu ya tashi, bauna ta gudu. Baƙuwa ta koma gidansu, a je a kwanta." Mu yi ta magiya, ta ce sai wani jiƙon. Sau ɗaya na ji ta riƙe hannuna bayan kowa ya watse, ta juya tafin tana kallo a hasken garwashi. "Hannun Baba ne wannan sak," ta ce. "Bakin ne ban san inda ka samo shi ba." Na ce a kasuwar Laraba na saya, da rangwame. Ta yi dariya, amma ba ta saki hannun da wuri ba.

Aka kai ni makarantar kwana. Ina aji uku aka aiko ta rasu.

To, ranar a wurin Pak Cik, harbin ya fita ba tare da na san lokacin ba. Ya shiga baƙin tsakiya. Razali ya yi tafi, Pak Cik ya gyaɗa kai, ni kuwa na tsaya gilashi ya yi mini hazo. Na ce musu sanyin ɗakin ne.

Ina komawa gida na kira babbar yayata, Yaya Hajara, a Kano. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, don Allah baunar Iya, yaya aka ƙare da ita?"

"Kai za ka tambaye ni? Kai da ka hana mu ji?"

"Ai na tafi makaranta na bar ku. Shekara uku ba mai kukan akuya."

Ta ce, "Sani, ba ta ƙara ba da shi ba. Mun roƙa har mun gaji. Ta ce labarin na mai hannun Baba ne, sai ka dawo hutu. Ka dawo kuma ka ce ka girma da tatsuniya, kana can dandali kana ba samari dariya."

Na tuna hutun. Na tuna ta aiko a kira ni, na ce a gaya wa amarya ango yana da baƙi.

'Yata Nana shekararta tara, a nan aka haife ta. In ka yi mata Hausa ta amsa da Turanci, in ta yi fushi ta koma Malayanci. Jiya bayan magariba na ce ta zo in ba ta labari. Babu murhu a hawa na sha ɗaya, babu kara, sai na ɗauko turaren tsinke cikin wanda mamanta take sayowa a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, na yi masa alama da biro. Na ba ta tafki, na ba ta kibiya uku, na ba ta tsuntsu. Da maharbi ya ja baka na kunna tsinken, na faɗa mata sharaɗin. A raina na ce jinina ce, ba za ta kai rabi ba, sai in kashe wuta in tsira da mutuncina.

Yarinyar nan ko motsi ba ta yi ba. Jirgin ƙasa ya wuce ta ƙasan tagarmu, ba ta waiga ba. Wuta ta ci ta ci, ta kai alamar, ta wuce. Sannan ta ɗago, ta ce da Hausarta mai tangal-tangal, "Baba, sai me kibiyar ya yi?"

Ni da nake iya ƙera ƙarya uku kafin shayi ya huce, wannan karon ban ƙera ko ɗaya ba. Da na ga dama da na ce ta soki bauna, ko ta kakkaɓo tsuntsu, ko maharbi ya sauke baka ya ji tausayi, ba za ta taɓa ganewa ba. Na ce, "Ban sani ba, Nana. Wadda ta sani ta jira ni, ban yi shiru ba."

Razali ya ce wataƙila dama babu ƙarshen, shirun ne kawai tsohuwar take son koya mana. Na so in yarda, amma Iya ba ta yaudarar yara. Na sha ganin leɓenta yana motsi in wuta ta kusa gaɓa, maganar tana nan a shirye. Abin da ta nema a wurina bai fi numfashin da nake riƙewa yanzu kowace Asabar don in huda takarda ba. Na iya shirun, Pak Cik ma ya shaida. Sai dai na iya shi ne bayan babu mai riƙe da karan.